Muhawara: Za a iya kai Hajiya zuwa Seven Sisters da wannan gwiwar tata?

Maman Sultan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san Seven Sisters, jerin fararen duwatsun nan da ke gaɓar tekun kudancin Ingila, su taimaka. Hajiyarmu, mahaifiyar Baban Sultan, ta zo mana daga Katsina, gwiwa na damunta, kuma tun da ta sauka Landan daga gida sai asibiti. Baban Sultan ne ya ga hoton fararen duwatsun nan na bakin teku ya ce can za mu kai ta ranar Asabar. Ni kuwa duk hoton da na duba hawa ne da gangara. Wurin na tsofaffi ne kuwa? Ga keken jariri kuma.

Yaya Habu: Wa'alaikumus salam. Ku kai ta Oxford Street ta yi tsaraba, ku dawo ku dafa mata tuwo. Me za ta gani a can? Ruwa da dutse da iska.

Anti Bilki: Habu ka fara ko? Tambaya aka yi, ba a ce ka zaɓa wa mutane wuri ba.

Baban Ikram: Wa'alaikumus salam Maman Sultan, a gaida Hajiya da gajiyar hanya. Ni a Brighton nake, wurin maƙwabcinmu ne. Abin da ke rikita mutane shi ne hanyoyi biyu ne masu suna ɗaya. Akwai ta kan duwatsu, wadda kika gani a hoto: tudu bayan tudu, ka hau ka sauka ka sake hawa. Wannan ba ta Hajiya ba ce, ni kaina sai na shirya mata. Sannan akwai ta cikin kwari, wadda ke tashi daga ofishin baƙi na Exceat ta bi gefen kogin Cuckmere har bakin teku. Kimanin kilomita 2 ce zuwa, 2 dawowa, a shimfiɗe take, kuma yawancinta kankare ne. Keken jariri yana wucewa lafiya lau, ana ma bin ta da keken marasa lafiya. Sai dab da ƙarshe kankaren ke ƙarewa a shiga ƙasa da tsakuwa, can ne keken zai ɗan ba ku wahala.

Bakin tekun kansa ba yashi ba ne, tsakuwa ce manya-manya, ƙafa tana nutsewa a ciki. Kada ku ce sai Hajiya ta taka har wajen ruwa. Ta zauna daga sama, tana ganin komai.

Maman Sultan: Alhamdu lillahi, hankalina ya ɗan kwanta. Ta ina ake zuwa in babu mota? Tamu tana wajen bakanike.

Baban Ikram: Daga tashar Victoria ku ɗauki jirgin ƙasa zuwa Eastbourne, kusan awa ɗaya da rabi, ko ku bi ta Lewes ku canja zuwa Seaford. Ko ta wanne kuka sauka, bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne yana tsayawa a ƙofar wurin. Seaford ta fi kusa, 'yan mintoci ne. Abu ɗaya: titin da ke gaban ofishin babban titi ne, A259, motoci ba sa wasa a kai, kuma sai an tsallaka shi kafin a shiga kwarin. A riƙe hannun Hajiya da na Sultan.

Umar Ɗalibi: Ni dai gaskiya wanda ya je ya tsaya a kwari bai je Seven Sisters ba. Mu daga Seaford muka taka har Eastbourne, sama da kilomita 20. Nan ne ake sanin an je.

Anti Bilki: Umar, shekarunka nawa, na Hajiya nawa?

Umar Ɗalibi: Anti ba haka nake nufi ba 😂 Cewa na yi daga kwarin ba a ganin duwatsun da kyau.

Baban Ikram: A nan yaron yana da gaskiya, a ba shi. In ka bi hanyar kwari ka fito ta gabashin kogi, kana gindin dutsen farko ne, Haven Brow, mafi tsayinsu, mita 77. Za ka gan shi tsaye a kanka fari fat, amma sauran suna ɓoye a bayansa. Hoton nan da kowa ya sani, mai ƙananan gidaje a gaba da duwatsun a jere a baya, daga yammacin kogi ake ɗaukarsa, wajen Seaford Head. Mai mota yana ajiye ta a South Hill Barn ya gangaro. Ba nisa, amma gangara ce, kuma duk abin da ka gangara sai ka hau shi a dawowa.

Anti Bilki: To a nan zan sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mai ciwon gwiwa gangara ta fi cutar da shi a kan hawa, don nauyin jiki gaba ɗaya yana sauka a kan gaɓar. Shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa amfani ma take yi mata, mu kanmu muna cewa tsofaffi su riƙa ɗan takawa. Amma kilomita 4 ba wasa ba ne ga wadda ta yi makonni a zaune cikin ɗaki. Ku fara fita da ita unguwa cikin satin nan ku ga ƙarfinta. Ranar kuma a sa mata takalmi rufaffe mai taushi, ba silifa ba. Kuma ba dole sai an kai teku ba. In ta gaji a rabi, ku zauna a ciyawa ku juyo.

Hajiya Ladi: Bilki, surukar Bahaushiya ce za ta ce ta gaji a gaban matar ɗanta? Za ta ce "ba komai, mu je" har sai ƙafa ta kumbura. Maman Sultan, ke za ki riƙa cewa kin gaji, ko ki ce za ki shayar da yaro. Sai ta samu ta huta ba tare da ta roƙa ba.

Maman Sultan: Wallahi Hajiya kamar kin san ta 😂

Yaya Habu: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. A gida in aka ga dattijuwa tana tafiyar kilomita 4 a ƙasa, cewa za a yi 'ya'yanta sun wulaƙanta ta. A nan kuma ku biya kuɗin jirgi don ku je ku yi tafiyar ƙasa. Turawa ne suka ga dama suka mai da wahala nishaɗi, ku kuma kuka ɗauka.

Ɗan Zinder: Habu, kai a Legas ka yi zama, teku ba baƙonka ba ne. Mu da muka tashi a Damagaram, ruwan da ya fi girma da muka sani tafki ne na damina. Mahaifina da ya zo nan, wajen teku kawai ya ce a kai shi. Ya tsaya ya yi ta kallo, sannan ya tambaye ni ina ƙarshensa. Na ce Faransa ce a can tsallake. Ya yi dariya ya ce ashe ta nan ma suna kusa da mu. Kada ka yanke wa tsofaffi hukuncin abin da zai burge su.

Yaya Habu: Faransa kam ba ku rabuwa 😂

Malam Nura: Kuma Habu, kallon halittar Allah ba yawon banza ba ne. Wannan farin dutsen alli ne, irin wanda muka yi rubutu da shi a allon makaranta, kuma masana sun ce ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, suka yi ta taruwa a ƙasan teku sama da shekara miliyan 65 da suka wuce. Ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai, sannan ka zo ka ce mana ruwa da dutse ne kawai.

Baban Ikram: Tun da Malam ya kawo zancen alli, bari in faɗi abin da ya fi damuna, don shi ne ya sa na daɗe ina rubutu. Farin da dutsen yake da shi ba wanke shi ake yi ba. Zubewa yake yi. Teku na cin gindinsa, ruwan sama na shiga tsagoginsa, sanyi na farfasa shi, sai ɓangare ya rufto, sabon fari ya bayyana. Hukuma da gangan ta bar wannan yanki ba katangar kariya. A Birling Gap, can ƙarshen duwatsun ta gabas, an yi ta rushe gidaje ɗaya bayan ɗaya saboda bakin dutsen ya iso su, an rushe wani a 2014. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Belle Tout kuwa, a 1999 ɗungurungum aka tura ta baya da mita 17 don kada ta faɗa.

Ma'ana, ciyawar da kake gani a bakin dutsen, wani lokaci babu komai a ƙarƙashinta, an riga an rarake. Kuma babu shinge a mafi yawan wurin. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta rasa ranta a nan Cuckmere Haven wajen ɗaukar hoto a bakin dutsen. Duk da haka ka je ranar Asabar ka ga mutane zaune sun zuro ƙafafu, wasu har da yara. Kuma mutanenmu ba a bar su a baya ba, na ga hotuna a shafukan wasu da ke cikin wannan zauren.

Umar Ɗalibi: Yaya ai nawa hoton dabarar kyamara ce, da nisa tsakanina da bakin.

Baban Ikram: Ban kira suna ba.

Anti Bilki: Mai kaza a aljihu 😂

Baban Ikram: Ƙasan ma haka. Mutum ya ga inuwa a gindin dutsen ya ce bari ya shimfiɗa darduma a ci abinci. Nan ne daidai inda abin ke sauka in ya zubo. Ku zauna a fili, nesa da gindinsa.

Maman Sultan: Inna lillahi. To mu da za mu bi kwari ai ba ruwanmu da wannan ko?

Baban Ikram: Muddin kuna kan hanyar kwari da tsakiyar bakin tekun, ba abin da zai same ku da yardar Allah. Abu biyu kawai. Kada Baban Sultan ya ce bari ya ɗan zagaya ta gindin duwatsun ya ɗauko hoto. Ruwan teku yana cika yana ja sau biyu a rana, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kullum, don haka abin da wani ya gani makon jiya ba shi za ku tarar ba. In ya cika har gindin dutsen yake kaiwa, kuma tsakanin Cuckmere da matakalar Birling Gap babu wata hanyar hawa. Na biyu, bakin kogin. Za ku hango gidajen nan na hoto a tsallake, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma babu gada a wurin. Gadar tana can baya a Exceat. Wasu na tuɓe takalmi su tsallaka in ruwa ya ja, ni ba na ba kowa wannan shawarar, ruwan na da ƙarfi kuma duwatsun ƙasan na da santsi. In kun ga wani cikin matsala, 999 za ku kira ku ce a haɗa ku da masu gadin teku.

Yaya Habu: Kun ji ko? Dutse na rufto wa mutum, ruwa na cinye shi. Oxford Street dai ba a taɓa jin haka ba.

Hajiya Ladi: Can kuma aljihu ake cinyewa.

Ɗan Zinder: Waɗancan gidajen ma na masu gadin teku ne tun farkon ƙarni na 19. An gina su ne saboda wurin ya yi suna da fasa-ƙwauri, jiragen ruwa na sauke barasa da taba da ganyen shayi daga tsallake cikin dare. Maman Sultan, ki gaya wa Hajiya, ita da ta fito daga jihar da Jibiya take, ta san zancen.

Maman Sultan: Za ka ja wa kanka 😂 To ni abin da ya rage mini karnuka. An ce wurin cike yake da su, Hajiya kuwa ko a talabijin ba ta son ganin kare.

Baban Ikram: Wannan gaskiya ne, suna da yawa. Saboda tumaki da shanun da ke kiwo a wurin ana buƙatar a riƙe su da igiya, kuma yawanci suna yi, amma a bakin teku wasu na sakinsu. In kin ga yana nufo ku, ki ɗaga murya ki ce wa mai shi ya kira abinsa. Ba sa jin haushi. Gudu ne kuskure, shi kare wasa yake ɗauka.

Malam Nura: Game da tufafi kuma, kada ta shiga damuwa. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta akasarinmu muka tashi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don ibada. In ya shinshini zanenta, sallarta na nan.

Abu Maryam: Malam a yi adalci, Shafi'iyya da Hanabila ba haka suka tafi ba, kuma hadisin a fili yake.

Malam Nura: Ban ce babu saɓani ba Malam. Cewa na yi Hajiya 'yar Katsina da ta yi karatun Ishmawi da Iziyya tana da madogara. Wanda ya fi natsuwa da wankewa ya wanke.

Abu Maryam: To a tafi da zane na biyu, a huta da gardama.

Anti Bilki: Wannan ita ce fatawar da ta fi sauƙi yau.

Malam Nura: Sannan daga Landan zuwa can ya haura mil 48, don haka matafiya ne, suna da damar yin ƙasaru. Su yi alwala a banɗakin ofishin baƙi kafin su shiga, don can bakin teku babu banɗaki, babu famfo, ruwan kogin ma a wajen da gishiri.

Hajiya Ladi: Nan ma wani abu ne. A rage shan shayi a jirgi. Kuma ku kula da jakarta a dawowa. Tsofaffinmu ba sa ganin dutse mai sulɓi su ƙyale, sai a ce na taimama ne.

Baban Ikram: Hajiya kin taɓo wuri. Tsakuwar nan ita ke tare ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa ba a son a ɗiba, akwai ma dokar 1949 ta kare gaɓar teku da ta ba ƙananan hukumomi ikon hanawa. Ku lallashe ta ta bar musu abinsu. Wuta ma ba a kunnawa, kada wani ya ɗauko abin gashi ya ce zai yi tsire. Ku dafo daga gida. Dambu ko wainar shinkafa sun fi, abin da ba ya buƙatar ɗumi. Akwai wurin shan shayi a Exceat in an dawo.

Yaya Habu: Ba tsire, ba ɗaukar dutse, ba zama a inuwa. Me aka yarda a yi?

Ɗan Zinder: A duba tsuntsaye. Da gaske nake. Kogin asali yana murɗe-murɗe a cikin kwarin kamar macijin da ya ƙoshi, amma a shekarun 1840 aka haƙa masa miƙaƙƙiyar hanya don rage ambaliya, sai tsohon ya zama ruwa kwantacce. Nan tsuntsaye ke taruwa, agwagin ruwa iri-iri da wani fari mai dogayen ƙafafu da Hajiya za ta ce balbela ce. Abin da ya fi ba ni sha'awa, wasu ƙananan tsuntsayen da ke yada zango a wannan gaɓa idan sanyi ya matso, ƙetare Sahara suke yi su sauka yankinmu, fadamun Haɗeja da Nguru da kewayen tafkin Chadi, su dawo da bazara. Ba biza, ba layin ofishin jakadanci.

Umar Ɗalibi: Ba kuɗin inshorar lafiya 😭

Maman Sultan: Sultan zai so wannan. Akwai kuma wasu ƙananan ɗakunan kankare da na gani a hoto, na mene ne?

Baban Ikram: Na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Tun da nan ne wurin da duwatsun suka yanke aka samu fili, an ji tsoron sojojin Jamus za su sauka ta nan, sai aka gina wuraren fakewar masu bindiga da shingen tankoki. Suna nan a gefen hanya, yara na son leƙawa.

Anti Bilki: Ba wanda ya yi maganar iska. Ko rana ta fito a Landan, can bakin teku wani abu ne daban, kuma hanyar ba bishiyoyi, ba abin da zai tare muku. A sa wa Hajiya rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi da safa. Babban mayafi mara nauyi kuwa, ki bar shi a gida in ba so kike ki bi shi da gudu ba.

Hajiya Ladi: Ni abin da nake so in sani, Baban Ikram, ka ce kwari, Umar ya ce ba a ganin komai daga kwari. Idan an ɗauko tsohuwa tun daga Landan saboda hoton da ɗanta ya gani, ta je ba ta ga abin da ke hoton ba, ai an yi rabin aiki.

Baban Ikram: Hajiya, hoton ɗanta ne ya gani, ba ita ba. Amma in suna so, akwai mafita. Su yi kwarin da safe, in sun dawo su ɗauki tasi daga Seaford zuwa South Hill Barn. Baban Sultan ya gangara ya ɗauko hotonsa, ita ta ɗan taka kaɗan daga wajen ajiye motoci inda ƙasa ba ta fara gangara sosai ba.

Anti Bilki: A'a, ban yarda ba. Bayan kilomita 4 a sake cewa ta ɗan taka? Ɗaya za a zaɓa.

Umar Ɗalibi: To a zaɓi Seaford Head kawai mana. Ya fi gajarta, kuma shi ne mai kallon.

Anti Bilki: Ya fi gajarta, ya fi gangara. Ka koma sama ka karanta abin da na rubuta.

Yaya Habu: Ni fa in dai za a ci gaba da wannan, motata mai kujera bakwai ce kuma ranar Asabar ba na aiki. In sauke su Hajiya a Exceat, in zagaya da mai son hoto Seaford Head, mu haɗu a ci dambu. Mai dai ku za ku zuba.

Hajiya Ladi: Kai da ka ce ruwa da dutse ne?

Yaya Habu: Har yanzu ruwa da dutse ne. Dambun nake bi.

Baban Ikram: In haka ne ku fito da wuri, wajen ajiye motocin Exceat na cika kafin azahar a ƙarshen mako, kuma biya ake yi. Zan duba jadawalin cikar ruwa da hasashen iska ranar Juma'a da daddare in turo nan. In an ce za a yi ruwan sama mai ƙarfi a ɗaga zuwa wani satin.

Umar Ɗalibi: Yaya Habu akwai sauran kujera?

Yaya Habu: Akwai, amma wayarka a hannun Anti Bilki za ta zauna har mu bar kan dutsen.